Ranar da Yaya Ya Kashe Mai Aski

Yayana gyaran fanka da dutsen guga yake yi, amma kada ka kuskura ka kira shi mai gyara. Shi marubuci ne, duniya ce ba ta farga ba tukuna. A shagonsa, tsakanin wayoyi da matattun fankoki, akwai tsofaffin littattafan nan masu kauri da kowa ke yabo ba tare da ya buɗe ba. Shi ya karance su tas, kuma darasi ɗaya ya tsinta: a babban littafi mutumin kirki ba ya kai ƙarshe. Zai fara tari a tsakiya, kafin ka ankara an binne shi.

Haka ya dinga yi wa mutanen layinmu. Ya kashe mai wanki, ya kashe tela, ni kaina ya kashe ni har na gaji da mutuwa. Ba wanda ya damu, don ba wanda ya karanta. Sai tsautsayi ya sa gidan rediyo ya karɓi labarinsa guda, aka karanta shi da hantsi kowa na ji. Mamacin tsohon mai aski ne, mai tabo a gira, mai yawan tari. Ko jariri ya san Baba mai aski ake nufi, aminin marigayi mahaifinmu, wanda ya tsaya mana tamkar uba.

Yaya ya dinga kauce wa shagon Baba har gemunsa ya koma tsintsiya. Ba zagi yake tsoro ba. Tsoronsa kada tsohon ya ce ya cire shi daga cikin 'ya'yansa. Da haushi ya ishe ni, na tasa shi gaba muka tafi.

Baba bai tsokane mu yadda ya saba ba. Kujera kawai ya nuna. Ya ɗaura wa Yaya ƙyalle a wuya, ya ja ƙullin fiye da kullum, ya shafa kumfa, ya buɗe aska. Ina hango maƙogwaron Yaya a madubi yana hawa yana sauka.

"Na ji ka kashe ni."

"Baba, ƙagaggen labari ne. Ai haka manyan littattafai..."

"Kar ka motsa." Askar ta sauka ƙarƙashin haɓa ta tsaya. "Wa ya gaya maka maganar tarin? Likita?"



"Wallahi ba kowa, Baba," in ji Yaya. "A littafi na aro shi. Duk tari suke yi."

Dariya ta taso wa Baba, sai ta rikiɗe tari, mai tsawo, har ya dafa bango. Tarin nan ne da muka daɗe muna ji muna cewa ƙurar gashi ce.

Da ya samu numfashi ya ce, "Tun bara likita ya gaya mini ciwon ba na tashi ba ne, na ɓoye wa yara. Babbar 'yata ta ji rediyo, ta zo ta tsare ni tana kuka sai da na faɗa mata."

Hawaye ya yanko hanya cikin kumfar da ke fuskar Yaya. "Ka yafe mini, Baba. Zan gyara labarin, in sa ka warke."

"Warkewa a hannunka take? Ni mutuwar ba ta dame ni ba. Amma ka kashe ni ni kaɗai a ɗaki, babu ko mai ba ni ruwa. Haka ka hango mini? Ina kai a lokacin? Ina wannan?" Ya nuno ni da aska. Kunya ta rufe ni.

Ya ƙarasa askin tsaf, bai yanke shi ko kaɗan ba.

Daga ranar Yaya ya riƙa rufe shago da wuri, ya je ya zauna a bencin Baba. Littattafan nan masu kauri suna nan, amma bai sake kashe kowa ba. Ranar da lokacin Baba ya yi, ɗakin cike yake da mu, kuma Yaya ne ke riƙe da kofin ruwan.