Shafin da Ya Nace wa Faransanci

Har yau ban manta ranar da Ardo Buba ya shigo ofishinmu na Tudun Wada a fusace ba. Ƙarshen shekarun casa'in ne. Na dawo daga Kamaru da Faransa, ƙungiyar manoma da makiyaya ta ɗauke ni jami'in kwamfuta. Na gina mata shafin intanet mai sanar da ranakun rigakafin shanu da Hausa, Fulatanci, Turanci da Faransanci. Faransancin ba wanda ya nema, ni na cusa don a san na iya.

Ardo ya yi yaƙi da jahilci, shi yake karanta wa mutanensa sanarwa. Ya ce, "Alhaji, sau biyu ina zuwa daga Burumburum, injinka yana yi mini Faransancin Yawunde. In ranar allura ta wuce mu, kai za ka yi wa shanun bayani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni kwana uku."

Ga yadda abin yake aiki. Shafin kan tambayi baƙo harshensa sau ɗaya, ya riƙe amsar har a rufe shi, kamar lambar da mai gadin kekuna kan ba ka a kasuwa. Mukan ce masa seshan. Na bi rubutun da na gina shafin da shi layi-layi, na zargi layin tarho, na zargi babban injin da ke riƙe da shafin a Kano. Ban ga kuskure ba.

Rana ta uku Malama Hadiza, mai buga mana takardu, ta ce, "Baba Alhaji, wa ke fara zama a kujerar nan kullum da safe?"

"Ni."

"Wane yare kake dannawa?"

Na ce, "Faransanci." Ta ce, "Ni kuma ba na rufewa sai an tashi, don buɗewa na cin lokaci."

A Faransa na saba ganin kowa da kwamfutarsa. Mu tamu ɗaya ce, ta mutanen Kiru har Doguwa. A wurin shafin dukkanmu mutum ɗaya ne, kuma Bafaranshe.

Na jera harsunan huɗu a saman kowane shafi. Ardo ya danna Fulatanci, ya ga allura jibi ce, ya miƙe. Daga bakin ƙofa ya ce, "Mi yetti, Muse Alhaji." Wato "na gode" da Fulatanci, Muse kuwa shi ne "Malam" na Faransawa. Sunan ya bi ni har ritaya.

Ku matasa, kafin ku tuhumi inji, ku tambaya wa ke zama a kujerar. Harsuna shida nake ji, amma wannan tambayar Hadiza ce ta yi ta.