Rabon Ƙasa a Teburin Maikuɗi

Duk ranar Asabar bayan la'asar, Malam Dalyop yakan fito daga gidansa da ke bayan tashar Gwarzo da hular sanyi a ka, ko da ana tsakiyar bazara. Yakan fara tsayawa wurin Altine mai fura ya sha 'yar kaɗan a tsaye, ya wuce wurin mai tsire ya ɗauki tsinke ɗaya, sannan ya ƙare a teburin Maikuɗi mai shayi, ƙarƙashin darbejiya. Bai taɓa sauya wannan jeri ba. Idan aka miƙa masa kofi, kafin ya kai baki sai ya karkata shi ya zuba kaɗan a ƙasa.

Mutumin Filato ne, daga wani ƙauye kusa da Jos. Yana saurayi aka ɗauke shi koyar da lissafi a Garo, cikin ƙasar Kabo, da niyyar ya yi shekara biyu ya koma gida. Daga Garo aka mayar da shi Masanawa, daga can Gwarzo. Ya auro Irene, ta buɗe ɗan shagon kayan masarufi, suka haifi 'yarsu Emily. Shekara biyun nan ta zarce talatin.

Maikuɗi yana tune da ranar da baƙon malamin ya fara zubar masa da shayi.

"Malam, ƙuda ne ya faɗa?"

"A'a."

"To sukari ne ya yi yawa?"

"Shayinka lafiya lau."

Maikuɗi bai yarda ba. Ya sake wanke kofuna, ya sauya ganyen shayi, ya sayo sabon mataci, amma kullum sai an zuba a ƙasa. Da abin ya ishe shi, ya ce wa malamin in raini ne a faɗa masa, ga masu shayi nan birjik a tasha. Nan ne Dalyop ya yi masa bayani: a inda ya fito, ba a kai abin sha baki sai an ba waɗanda suka riga mu tafiya rabonsu, kuma ƙasa ce ke karɓa ta kai musu.

"Mu kam addu'a muke yi wa namu," in ji Maikuɗi. "Kuma madara ba a rijiya nake ɗibarta ba."

Amma a Asabar ta gaba, bayan ya cika kofin, sai ya ƙara ɗan tsiyayawa har ya kusa malala. "Ga na ƙasan nan. Kada ka taɓa naka." Haka ake yi har yau.

A gidajen burukutu na Jos Dalyop ya koyi wannan ɗabi'a. Su uku ne a lokacin, shi da Philemon da Sammy, duk ɗaliban kwalejin horon malamai. Burukutu yana cin kwanaki kafin ya nuna, tun daga jiƙa dawa har ta tsira a niƙa a dafa, don haka matan da ke yin sa suka raba ranaku, masu sha kuma suna bin inda tukunya ta sauka. Ranar Asabar gidaje da yawa ke haɗuwa. Samarin sukan fara daga Tudun Wada, su gangara Gada Biyu, su ƙare a Kabong, gidan wata mace da ake kira Maman Diana. A kowane gida ana fara ba ka ɗanɗano a ƙaramar ƙwarya kyauta. Ba a zama a gida ɗaya a shanye, don kada sauran matan su ji haushi. Dalyop yakan ce ba buguwa ke kai su ba, tafiyar ce, da gardamar ƙwallo, da farfesun kan akuya, da sanyin da ke saukowa daga duwatsu da yamma.

A Gwarzo bai taɓa neman abin ba. Dokar jihar ta hana, kuma yana ganin girman maƙwabtansa. Sau ɗaya ya je Sabon Gari a Kano, ya zauna da kwalba a gabansa cikin mutanen da ba su san sunansa ba, bai ƙara komawa ba. Abin da ya riƙe shi ne zancen. Duk wanda ya zauna a bencin Maikuɗi ya san hanyar Kabong kamar ya taɓa taka ta.

"Shekara talatin kana cewa baɗi za mu koma," in ji Irene, lokacin da ya yi ritaya. Emily, wadda ke aikin jinya a Jos, ta riga ta gyara musu ɗaki biyu a gidanta. Irene ta fara ɗaure kaya a buhuna, amma ta ce ba za ta rufe shago ba sai ya je ya gani da idonsa. "Baban Emily, duk inda ka ce nan za mu zauna. Amma ka faɗa sau ɗaya, na gaji da zama da ƙafa ɗaya a waje."

Ya tafi a farkon kaka. Sammy ya daɗe da rasuwa, saura Philemon, wanda ya tarye shi da sanda a hannu.

"Bakano, ka zo? Ina goron?"

"Tsoho, ina haƙoran da za ka ci da su?"

"Likita ya hana ni sha, amma bai hana ni rakiya ba. Tashi mu je kafin gwiwata ta sauya shawara."

Ranar Asabar da rana suka kama hanya, a keke mai ƙafa uku maimakon tafiyar ƙasa. A Tudun Wada, gidan da suke farawa ya zama shagon sayar da wayoyi. Wani lungu da suke yankewa Philemon ya ce a bar shi, tun rikicin da ya raba unguwannin garin ba kowa ke bi ta nan ba. A Gada Biyu sun sami mashaya mai kujerun roba da talabijin uku, samari sun cika ta suna kallon ƙwallon Turai, ba wanda ke jin maganar na kusa da shi. Dalyop ya tsaya a ƙofa ya leƙa, suka wuce.

Gidan Kabong yana nan. Maman Diana ta rasu shekarun baya, ba wanda ya gaya masa. 'Yarta Diana, wadda ya sani tana rarrafe tsakanin tukwane, ita ke riƙe da wurin. Ta yi rufin kwano, ta sa fanka, ta shimfiɗa tayil fari tas har bakin ƙofa. Da Philemon ya faɗa mata ko wane ne, ta durƙusa ta gaishe shi, ta shiga ciki ta nemo ƙwarya, don yanzu a kofin roba ake sha.

Dalyop ya karɓa da hannu biyu. Ƙanshin bai sauya ba. Ya ambaci Sammy a ransa, ya ambaci uwar yarinyar, ya karkata ƙwaryar.

Burukutun bai nutse ba. Ya kwanta a kan tayil, ya bi layin siminti yana gangarawa wajen takalmin wani saurayi, wanda ya janye ƙafa yana tsaki. Diana ta zo da tsumma da sauri.

"Baba, ba komai, rawar hannu ce ta tsufa. Haka tsofaffinmu suke yi, ko a gida."

Ta goge wurin tsaf. Philemon ya dubi bango. Dalyop ya sha abin da ya rage, ya yaba mata, ya ce hannunta ya biyo na uwarta. A hanyar komawa ba su yi gardamar komai ba.

Ya yi mako guda wurin Emily, ya yi wasa da jikokinsa, ya je coci, ya ziyarci kabarin Sammy. Sannan ya shiga motar Kano. Ya iso Gwarzo ya kwana. Da safe ya kwance buhun da littattafansa ke ciki ya mayar da su kan kanta. Irene ta dube shi, ta ɗauki mabuɗin shago ta fita. Sauran buhunan ta riƙa kwance su ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da ta buƙaci tukunya ko zani. Emily ta yi fushi a waya, daga baya ta ce ɗakunan suna nan.

Har yanzu zancen Jos yake yi. Waɗanda ke zama da shi sun lura dai ya daina cewa baɗi. Yakan ba da labarin hanyar Tudun Wada zuwa Kabong da gidajenta duka a tsaye, da Sammy a gaba yana waƙa, kuma ba ya kawo shagon wayoyi a ciki.

Asabar ta farko bayan dawowarsa, ya bi ta wurin Altine, ya bi ta wurin mai tsire, ya zauna a inda ya saba, gefen bencin da ke kan turɓaya.

"Malam, an dawo? Mun ɗauka dutse ya riƙe ka. Ya mutanen gida?"

"Suna gaisuwa. Maikuɗi, ƙara na ƙasan. Sun ƙaru."

Maikuɗi ya tsaya da buta a hannu. "Wa aka rasa?"

"Wata uwa ce da ta ciyar da mu muna samari."

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam."

Ya ƙara tsiyayawa. Dalyop ya karkata kofin a gindin darbejiya, ya zuba ido har ƙasa ta shanye, sannan ya sha nasa.