Mai Gangar da Ba Ta Iya Ruwa Ba

Da ƙarfe biyar da minti goma na yammacin wata Asabar kwalekwalenmu ya kife. Na san lokacin ne saboda agogon hannuna ya sha ruwa ya tsaya cak, bai sake motsi ba.

Shekarata ta biyu ke nan a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, a ƙarshe-ƙarshen shekarun casa'in, ina karatun haɗa magunguna. Kwalejinmu tana da ƙungiyar tseren kwalekwalen dodo, wanda ake yi duk shekara idan damina ta kankama. Jirgin dogo ne siriri, da kan dodo na katako a goshinsa. Matuƙa ashirin ke zama bibbiyu, kowa da filafilinsa, mutum ɗaya yana tsaye a baya yana saita hanya, mai ganga kuma tana gaba tana fuskantar su, da bugunta suke tsoma filafili a ruwa. Rabinmu 'yan ƙasa ne, rabi baƙi: 'yan Nijeriya, 'yan Nijar, ɗan Gana ɗaya, da wasu 'yan Pakistan biyu.

Ni ce mai gangar, ni ce kuma shugaba. Ban nema ba. Na je ne ranar farko don in yi wa baƙi tafinta, saboda Sinancina ya fi nasu, sai aka ga ba ni da nauyi, kujerar ganga kuwa mara nauyi take so. Daga baya aka lura ba na makara, ba na mantawa da wanda kafaɗarsa ke ciwo ko wanda ke da jarrabawa gobe, sai aka ɗora mini sauran. Ni da ko a aji sai malami ya ce in maimaita kafin a ji abin da na faɗa. Amma ganga ta yi mini daidai, ita take ɗaga murya a madadina.

A wani rafi muke atisaye, kusa da wani ƙauye bayan makaranta. Ranar, wani jirgin yashi ne ya wuce mu kurkusa, ruwan da ya turo ya buge mu ta gefe, kafin in ce a riƙe jirgi mun juye. Allah ya taimake mu, wurin ba zurfi, ruwan iya ƙirji. 'Yan ƙasa suka miƙe suna dariya suna tsintar filafilai. Amma babbanmu, wani ɗan Maraɗi mai karatun likita da mu baƙi muke kira Yaya, ƙato wanda shi kaɗai yake ɗaukar rabin jirgin idan za a fito da shi, yana tsaye ruwa bai kai masa hammata ba, idonsa a rufe, yana ta kalmar shahada da ƙarfi. Ni kuma na rungume gangar da hannu biyu, sai da mutum biyu suka ɓanɓare ni.

Malamin wasanninmu yana bakin rafi a kan kekensa, ƙafa ɗaya a ƙasa. Dattijo ne gajere, mai ƙarancin magana, muna kiransa Lawshi, wato malam. Bai yi dariya ba.

Ranar Litinin ya tara mu ya ce tseren ba a rafi za a yi shi ba, a babban kogi ne, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Duk mai son shiga jirgi sai ya yi iyo daga wannan bango zuwa wancan a tafkin wankan makaranta, ba tsayawa, ba taimakon kowa. Idan waɗanda suka ci ba su cika jirgi ba, ba za mu shiga ba, za a ba wata ƙungiya jirgin. Saura ƙasa da wata guda. Ya juyo ya ce in fassara wa mutanena, na fassara.

Da yamma na bi su ɗaya bayan ɗaya, don na san babu wanda zai amsa a gaban jama'a. Mu shida ne ba mu iya ba. Da aka tambaye mu tun farkon shekara kowa ya gyaɗa kai, don kowa yana zaton shi kaɗai ne. A unguwarmu a Kano, duk yaron da aka gani a bakin kududdufi ranar sai ya sha bulala, balle 'ya mace. Da na zo kan Yaya, ya daɗe yana shafa kai.

“Ƙanwata, gulbinmu na Maraɗi fa rabin shekara a kansa muke buga ƙwallo. A ina zan koya?”

“To me ya kai ka shiga jirgi, Yaya?”

“Ke me ya kai ki? Ai ke muka gani kin hau da tabarau kamar za ki ɗakin karatu, muka ce lallai abin ba haɗari.”

Ɗakin karatun kuwa na nufa washegari. Na aro duk littafin iyo da na samu, na karance su, na san yadda ake juya kafaɗa da lokacin da ake shaƙar iska. Abokiyar ɗakina, wadda ke zama a layin gaba na jirgin, 'yar ƙasa ce, daga wani ƙauye da gidajensu ke kan ruwa, ta ce ita ba ta tuna ranar da ta koyi iyo ba. Ta shigo ta same ni kwance rub da ciki a kan gado, littafi a buɗe, ina wutsil-wutsil da ƙafafu. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

“Shugaba, idan gado ya kife kin tsira.”

Ita ce ta kawo shawarar a raba mu. Kowane ɗaya daga cikin mu shida aka haɗa shi da wanda zai koya masa, aka roƙi mai gadin tafkin ya riƙa buɗe mana da sassafe kafin aji. Yaya ya faɗa hannun wani siririn ɗan ajinsu da ko kafaɗarsa bai kai ba. Kullum sai ka ji shi yana ihu da Sinanci, “Saki jikinka! Kai mutum ne ko buhun siminti?” Yaya kuma ya ɗago yana tari yana amsa masa da Hausa, “Allah ya isa, ɗan nema, kashe ni za ka yi,” sannan ya ƙara da “shiye-shiye”, godiyar Sinawa, ya sake nutsewa.

Kafin wannan, da an tashi daga atisaye a bakin ƙofa muke rabuwa. Su su tafi ɗakin cin abincinsu, mu mu tafi shagon taliyar Musulmi da ke bayan titi. Ba faɗa, ba gaba, kowa dai da hanyarsa. Amma mutumin da ya tallafe cikinka a ruwa, ya ga kana kuka da majina, da wuya ku rabu a bakin ƙofa. Suka fara bin mu shagon taliya. Wata Lahadi wani Alhaji ɗan Kano da ke zuwa sayen jakunkuna a Shiling ya kawo mini kuka da daddawa daga gida, na tuƙa tuwon shinkafa a kan ɗan rishon lantarki, tukunya bayan tukunya, muka baje a barandar ɗakunan baƙi. Suka dage sai da tsinken cin abincinsu za su ci, miyar tana zillewa, Yaya yana bin su yana ƙwace tsinkayen yana nuna musu yadda ake yanko loma. Siririn malaminsa ya ci malmala uku, ya tambaya ko ganyen nan magani ne. Ranar ce na fara jin 'yan ƙasa sun kira ƙaton namu Yaya su ma, da irin nasu harshen.

Sauran biyar ɗin suka yi ta ci gaba a iyo. Ni ce na tsaya. Da zarar fuskata ta shiga ruwa sai komai na cikin littafi ya gudu, in miƙe ina haki. Ga kayan da nake shiga da su, dogon wando da riga mai dogon hannu da hular roba, idan suka jiƙe kamar an rataya mini wani mutum. Abokiyar ɗakina ba ta taɓa cewa in rage ba. Ta dai dube ni wata safiya ta ce, “To bar fuskar. Kwanta rigingine, ki kalli sama.” Ta sa tafinta a ƙeyata, ta yi ta ba ni labarin kakarta da agwaginta, ban san lokacin da ta janye hannun ba.

Haka na koyi tafiya a ruwa da baya. Sai wata matsalar ta fito. Ba tabarau ba na ganin komai sai hazo, hannuna na dama kuma ya fi na hagu ƙarfi saboda ganga. In na tashi daga bango sai in yi ta karkata, in yi baka, wani lokaci in dawo kusa da inda na taso ina murna na isa.

“A haka,” in ji abokiyar ɗakina, “tashar jiragen ruwa ta Huangpu za ki ɓulla, su loda ki a jirgin kaya su mai da ki gida.”

Ranar gwaji Lawshi ya zo da kujerarsa ya zauna a gefe. Mazan suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya tafi kamar ana dambe da shi, rabin ruwan tafkin ya fantsalo waje, amma ya taɓa bango, ya fito ya ɗaga siririn nan sama kamar jariri. Matuƙa sun cika, jirgi ya tsira. Saura kujerar ganga.

Na ba abokiyata tabarau, na yi bisimilla, na kwanta. Rufin tafkin ya zama fari fat. Na fara jan ruwa ina jin numfashina a kunne, ban yi nisa ba na ji a jikina na fara karkata, amma ban san ta wane gefe ba. Na ji ƙafafuna suna neman ƙasa.

Sai na ji ganga. Ba ganga ba ce, bokitin ƙarfen mai shara ne, amma bugun nawa ne, wanda nake yi musu idan mun bar gaɓa, ɗaya mai nauyi, ɗaya mara nauyi. Daga bayan kaina yake zuwa. Yaya ne ya kife bokitin a bangon da nake nema yana dukansa da takalmi. Na bi ƙarar. Idan na kauce sai ya sauya zuwa bugun sauri, in gyara, ya koma daidai. Can sai muryoyi suka shiga, su duka, irin ihun da suke yi tare idan filafili ya shiga ruwa, hannuwana suka kama tafiya a kansa ba da shawarata ba. Ban taɓa jin bugun nan daga waje ba sai ranar. Ashe haka yake shiga jikin mutum.

Da ƙoƙon kaina na san na isa, don bangon na ƙuma.

Suka jawo ni, aka mayar mini da tabarau, abin da na fara gani shi ne Lawshi yana naɗe kujerarsa. Na bi shi ruwa na ɗiga daga jikina, na tambaye shi ko na ci. Ya dubi bokitin, ya dube ni.

“Na ce ba taimakon kowa,” ya ce. “Zan yi tunani.”

Kwanakin da suka biyo baya, ina jiran hukuncinsa, daga bakin rafi na kalli atisaye. Wani daga cikin 'yan Pakistan ya riƙe gangar, yana da ƙoƙari, amma yakan yi sauri idan ya ji daɗi, sai in ga filafilan baya suna karo da na gaba. Na ci gaba da abin da na saba, ina cika musu butocin shayi, ina tuna wa wannan maganin kafaɗarsa. Yaya ya so ya tara jama'a su je su yi wa Lawshi magana, na hana shi.

“Bari in je da kaina, Yaya.”

“Ke? Ke da sai an kasa kunne kafin a ji sallamarki?”

Na je. Ni da ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar malami sau biyu ba, kullum bayan aji ina bakin ofishinsa. Ranar farko ya ce gobe. Washegari aka ce mini “meyo”, ba ya nan. Rana ta uku ya ba ni shayi, ya tambaye ni ko ana ruwan sama a garinmu, ya sake cewa gobe. Ban san yadda ake roƙo da Sinanci ba, kuma ban iya jayayya da babba ba ko da Hausa, don haka tsayuwar kawai nake yi, in gaishe shi, in maimaita tambayata.

Saura kwana biyu tsere na same shi a rumfar kekuna yana ba tayarsa iska. Na tsuguna na riƙe masa keken don kada ya faɗi. Na ce, “Lawshi, idan ba zan hau ba, ka faɗa mini yau, in zauna da wancan mai riƙe da gangar in koya masa ya rage sauri. Idan kuma zan hau, in sani.”

Ya ci gaba da buga famfonsa har tayar ta yi tauri, ya matsa ta da babban yatsa, ya miƙe yana goge hannu a wando.

“Na daɗe ina koyar da iyo,” ya ce, “ban taɓa ganin mummuna irin naki ba. Na yi ta tunanin bokitin nan. Bokiti ba shi da hannu, babu wanda ya taɓa ki. Kuma idan kika faɗa kogi, na ga waɗanda za su biyo ki, har da wancan ƙaton da zai shanye rabin ruwan. Je ki ɗauki gangarki. Amma duk wanda ya tambaye ki a ina kika koyi iyo, kada ki ambaci makarantar nan.”