Rakiyar Mutaru Zuwa Akra Sayen Kayan Kwamfuta

Talata: Zango zuwa Nkawkaw

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Mutaru ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Muka yi salla a masallacin layinmu a Zangon Kumasi, muka tari tasi zuwa tashar Asafo. Mutaru abokina ne tun muna yara, sana'armu kuma ɗaya, ɗaukar bidiyon aure da suna, mu dawo gida mu tace. Bambancinmu shi ne ni na iya haɗa kwamfuta da hannuna, shi kuwa ko ramin da ake cusa ram, ƙwaƙwalwar kwamfuta, bai sani ba. Shi ya sa ya roƙe ni in raka shi Akra in zaɓar masa kaya.

Ni tawa na haɗa ta wata huɗu kafin wannan tafiya. A lokacin sidi, kuɗin ƙasarmu, faɗuwa yake kullum, kaya na tashi kowane mako. Na tsorata, na sayar da babur ɗina na cika, na saya. Har gida na bi Mutaru na ce ya yi sauri, bai saya ba. Sai ga sidi ya farfaɗo, kayan kwamfuta suka sauko. Ni gwanin na sayi tsada, shi da bai san komai ba ya dace da lokaci.

Kujerar mota sidi ɗari da hamsin. Mota ta cika ƙarfe shida saura kwata. Muna wuce Oforikrom ya zaro takardar da na rubuta masa: firosesa, madabod, ram, hadi, katin hoto, fawa saflai, akwati.

Ya ce, "Basiru, duk wannan ya fi naka ƙarfi ko?"

Na ce, "Kaɗan."

Ba kaɗan ba ne, kuma na sani.

Bayan Konongo 'yan sanda suka tsayar da mu, direba ya sauka da takardu, minti biyar muka wuce. Takwas da rabi muka tsaya kusa da Nkawkaw. Mutaru ya saya mana koko da ƙosai, yana ta lissafa mini masu auren da za su dawo wurinsa in injinsa ya tashi. Biyu daga cikinsu ni nake yi wa gidajensu aiki. Na ture sauran ƙosan gefe.

Akra: Circle

Daga Kumasi zuwa Akra wajen kilomita ɗari biyu da hamsin ne, amma cunkoson da ke bayan Nsawam shi kaɗai ya ci mana awa ɗaya da rabi. Sha biyu da rabi muka sauka a Circle, babbar mahadar Akra. Muka ratsa masu sayar da waya da ke jan rigar mutum, muka hau bene zuwa shagon wani Ba'ashante da na taɓa sayen fankar kwamfuta a wurinsa.

Nan na sha azaba. Duk abin da na taya, sai in ji kuɗinsa bai kai abin da na biya wa ƙaraminsa ba. Ram ɗin da na sayi ɗaya, Mutaru ya ɗauki biyu. Na yi ciniki da gaske, na duba ƙafafun madabod ɗaya bayan ɗaya, amma zuciyata tafasa take. Ina ta tuna babur ɗina, yanzu ga ni ina bin trotro, motar haya.

Saura katin hoto, wanda shi ne ran aikinmu. Mai shago ya shiga ciki ya fito da wani a kwali mai sheƙi. Ya ce, "Me nua, ɗan'uwana, giga sha biyu, sabo fil. Kawo dubu uku da ɗari takwas." Nawa giga takwas ne, dubu biyar da ɗari biyu na biya.

Na juya katin a hannuna. Kan kusoshin bayansa ya goge, an taɓa kwance su. 'Yar takardar da ake manna wa kusa ɗaya a yage take, an mayar da ita. Na leƙa tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka, na ga baƙar ƙura ta daskare. Katin ya sha aiki, wanke shi aka yi aka sa a kwali. Irinsa zai iya yin wata biyu, zai iya mutuwa a tsakiyar aikin mutane.

Mutaru ya ce, "Yaya, malam?"

Na ce, "Kuɗinsa ya yi daɗi."

Abin da na faɗa ke nan. Ya biya, aka ɗaure kwalaye.

Nima

Ƙarfe biyar tasi ya sauke mu a unguwar Nima, gidan gwaggon Mutaru, Hajiya Adiza, mai sayar da atamfa. Ta ba mu ɗakin baƙi, bayan magariba aka kawo tuwo da miyar ayoyo. Ta dubi kwalayen da muka jera a bango ta ce, "Mutaru, ka tabbata ba a cuce ka ba? Mutanen Circle ba su da tsoron Allah."

Ya ce, "Gwaggo, ni ban duba komai ba. Basiru ya duba. In ya ce abu na da kyau, ko ba a buɗe kwali ba na yarda."

Ta dube ni ta ce, "To ɗana, Allah Ya saka maka. Ka yi wayo da ka jira kaya suka sauko, Mutaru."

Ya yi dariya. "Wane wayo? Kuɗi ne ba ni da su. Wata huɗun nan ina kallon Basiru yana fitar da aiki a kwana biyu, ni tsohuwar laftof ɗina na mutuwa sau uku a yini. Akwai auren da har yau ban ba su bidiyonsu ba, uwar amarya ta daina amsa gaisuwata. Na karɓi wani auren nan da mako biyu, in wannan ma ya lalace na bar sana'ar."

Da a ce jin haka ya wanke mini ƙyashi, da na faɗa muku. Bai wanke ba. Ina jin tausayinsa, ina kuma kallon kwalin ram biyun nan ina jin haushi. Amma tuwon ya ƙi ciyuwa, Hajiya har tana tambaya ko yaji ya yi yawa.

Laraba: komawa Circle

Da muka idar da sallar asuba na ce masa, "Kada mu tafi tasha. Mu koma shago, katin nan tsoho ne."

Bai tambaye ni komai ba, ya ɗauki kwalin. Ƙarfe takwas da kwata muna bakin shago kafin a buɗe. Mai shago ya fara rantse-rantse, na ce ya kawo sukundireba da fitila. Na nuna masa kusoshin, na haska masa ƙurar a gaban wasu masu saye biyu. Ya rage murya, ya ce shi ma haka aka kawo masa. Ya fito da wani mai hatimi, ni na yanke ledarsa, muka sa a injin gwaji ya yi minti arba'in fanka na juyawa lafiya. Mutaru ya ƙara ɗari bakwai. Duk da haka bai kai kuɗin nawa ba, kuma ya fi nawa. Wannan ma na lura.

Hanyar gida

Sha ɗaya da rabi motarmu ta tashi. Kwalin katin da na madabod ya ƙi yarda a sa su a but, ya rungume su a cinya. Sai da muka wuce Suhum ya yi magana, idonsa na kan taga.

"Jiya ba ka gani ba ne, ko da safe ka tuna?"

Na ce, "Na gani tun jiya."

"Tun kafin in biya?"

"Tun kafin ka biya."

"Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Ka samu da araha abin da na sayar da babur na saya, shi ke nan. Raina ya ɓaci."

Ya gyaɗa kai. Ya gyara kwalayen a cinyarsa. A Nkawkaw ya sauka shi kaɗai, ya dawo da burodi biyu na tsaraba, bai ce mini ga naka ba, ya dai ajiye ɗaya a kan jakata. Aka yi ruwa daga Konongo har Ejisu, direba ya rage gudu. Na so ya zage ni ko ya ɗaga murya, bai yi ba.

Biyar da minti ashirin muka shigo Asafo. Na taya shi loda kwalaye a tasi. Na tsaya a gefe, don ban san ko yana so mu shiga tare ba, kuma na riga na sa a raina zai kai wa wani a unguwar Akwatialine ya haɗa masa. Ya buɗe ƙofar baya ya ce in shiga, mai tasi na jira.

A bakin layinsu ya sauke kayansa, ya sunkuyo ta taga.

"Gobe bayan la'asar ka zo ka haɗa mini."

Na ce, "To."

"Amma zan zauna kusa da kai. Duk abin da ka ɗauka sai ka gaya mini sunansa, da yadda ake gane mai kyau. Ba na son in ƙara sayen abu da idon wani."

Na isa gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hajiya Adiza da ta ba mu masauki da abinci, ta kuma yi mini addu'ar da a ranar ban cancanta ba. Na gode wa Mutaru da ya buɗe mini ƙofar tasi.