Manjan da Na Shafa wa Ɗan Raƙumi

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Laraba, a kasuwar raƙuma da ke gabas da Riyad, mu biyu ne a mota: ni da wani dattijon farfesa daga ƙasar Mongoliya. A wannan sa'a na yi ƙaryar da har in koma ga Allah ba za ta bar zuciyata ba. Bari in bi abin daki-daki.

Da farko, ni ne shugaban direbobi a wata cibiyar bincike, jadawalin fita a hannuna yake. Cibiyar ta gayyato farfesan don musayar ilimi. Bincikensa ɗaya ne: yadda makiyaya ke sa taguwa, wato macen raƙumi, ta shayar da marayan da ba ita ta haifa ba. Larabcin littafi yake yi, muna fahimtar juna da ƙyar.

Na biyu, akwai wani direba mutumin Maraɗi, magidanci, wanda ni na samo masa aikin, na bi masa layin iƙama, takardar izinin zama. Ranar Talata mun fita mu uku. Farfesa ya kunna mana sautin garinsu, inda ake yi wa taguwa waƙa da wani abu mai kama da goge har ta yi hawaye ta karɓi maraya. Mutumin Maraɗi ya yi dariya ya ce, "Mu fatar ɗanta da ya mutu ake lulluɓa wa marayan, ta shinshina ta yarda." Farfesa ya rubuta shafi huɗu, sannan ya miƙa masa shuɗin ƙyalle da hannu biyu, alamar girmamawa a wurinsu. Ni ko kallo ban samu ba. Shekara goma sha ɗaya ina cibiyar nan!

Na uku, washegari na tura mutumin Maraɗi wani aiki filin jirgi, na ɗauki farfesa da kaina. Da muka tsaya ya buɗe littafinsa ya ce, "Ku a Kano yaya kuke yi?" Ni haifaffen cikin birni ne, ban taɓa riƙe akala ba. Amma na gyara zama na ce, "Manja muke shafa wa ɗan, a rufe wa uwar ido kwana uku." Ya rubuta. Ya ce bai taɓa jin irinsa ba, zai ba shi babi guda, da sunana a ƙasa. Daɗi ya kama ni.

Na huɗu, ranar Lahadi farfesa ya haɗa mu a ofis ya tambayi mutumin Maraɗi ko ya san wannan dabarar. Mutumin Maraɗi ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Kowace ƙasa da al'adarta," in ji shi. "Yaya ya girme ni."

Da muka fito ya ce a hankali, "Yaya, manja kuma? Miya za a yi da shi?"

Ban yi dariya ba. Har rufin asirin da ya yi mini sai da na yi ƙyashinsa. Amma na ga ɗalibai can wata duniya za su karanta manjana a matsayin ilimin Hausawa, alhali ba komai ba ne illa hassadata.

Na koma na gaya wa farfesa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ja layi biyu a kan shafin, ya rufe littafin, bai sake tambayata komai ba in ban da lokacin tashin mota. Bayan wata shida su farfesa suka gayyaci mutumin Maraɗi taron makiyaya a ƙasarsu. Ni na jera masa takardu, ni na kai shi filin jirgi, da shuɗin ƙyallensa a jaka.

Na koyi cewa daɗewa a wurin aiki ba ta zama sani. Don haka ina roƙonka, mai karatu: idan mai bincike ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka nuna masa wanda ya sani, ko da kai ka samo masa aiki.