Ranar da Na Kai Barkono Inji

A gidanmu na Rano, yajin jego aikin Inna ne. Duk 'yar da ta haihu, Inna ce ke zuba barkono, citta, masoro, kanumfari da daddawa a turmi, ta daka, ta tankaɗe, a ƙulla a leda a raba wa 'yan barka. Da wannan ƙullin ake auna gidan su mai jego. Mata ba sa tambayar takardar shaida, lasawa suke yi.

Shekarar da ƙanwata ta yi haihuwa ta biyu a gidan mijinta a Nariya, ciwon kafaɗa ya hana Inna ɗaga taɓarya. Ta miƙa mini kayan kamar mai ba da gado.

"A turmi za ki daka, kin ji ko? Kada ki kunyata ni a gaban surukai."

"Na ji, Inna."

Na ji ɗin kuwa. Sai dai ni malamar makaranta ce, na shekara takwas ina koya wa yara amfanin na'ura. Ana gobe suna, a can Nariya, na saki taɓarya sau uku, na yi atishawa goma sha ɗaya, na ga lissafin bai fita ba. Sai ga uwar mijin ƙanwata tana neman mai kai geron kunu niƙa. Na yi wuf na karɓa, na ɓoye kayan yajin a cikin mayafi.

Mai injin dattijo ne. Ya leƙa kwanon, ya dube ni.

"Malama, ai barkono sai an gama na kowa ake niƙa shi."

"Baba, sauri nake. Fara da shi, gero ya biyo."

"To. Ku ne masu ilimi."

Ban taɓa jin zagi mai ladabi irin wannan ba, amma sai washegari na gane zagi ne. Garin ya fito da ɗan ja-ja. Na ce hasken rana ne.

Da safe aka raɗa suna, aka fitar wa maza kunun tsamiya ƙofar gida, mu muna leƙe ta zaure. Liman ya kai ludayi baki, hawaye suka zubo. Jama'a suka ɗauka addu'ar ce ta ratsa shi, suka ƙara "amin". Sannan kowa ya sha nasa. Tari ya tashi tun daga kan tabarma har bakin hanya. Wani tsoho ya cire hula yana fifita harshe, yana kiran ruwa kamar gobara.

A cikin gida uwar mijin ta ɗanɗana, ta ajiye ludayin a hankali.

"'Yar nan, a Rano haka kuke dama kunu?"

Mai jego ta kifa kai a kan filo tana dariya. "Yaya, kin kashe ni! Ina zan sa fuskata?"

Saura yajin, wanda nake fatan ya wanke ni. Wata gwaggon mijin ta murza shi da yatsu biyu.

"Laushi kamar hoda. Wannan ko gaisawa da turmi bai yi ba."

Labarin ya riga ni isa Rano. Inna ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Da aka sake haihuwa a dangi, ta miƙa wa autarmu taɓarya, ni kuma ta miƙo mini bandir ɗin leda.

"Ke ƙulla. Leda dai ba a kai ta inji."

Har yau ƙulli nake yi. A Nariya kuwa, duk kunun da citta ta ɗan yi wa yawa, kunun Malama suke ce masa.