Iccen Jego

A wajenmu icce muke cewa, ko yana tsaye da ganyensa, ko an faskare shi an jibge a bakin murhu. Sai da na yi maƙwabciya Bakanuwa a Kalgo na ji ana raba su, wai wannan bishiya, wancan itace. Mu duk icce ne, kuma ban taɓa zaton wannan zai tayar mini da hankali ba sai da cikina na fari ya tsufa.

A Gwandu na tashi, a hannun kakata, mahaifiyar babana. Gidan ƙasa ne, da wani ƙaton dogonyaro a tsakar gida wanda ya girme ni nesa. Rabin rayuwarmu a gindinsa muka yi ta. Nan ake surfe, nan ake kitso, nan randa take a binne cikin yashi, ruwanta da sanyi har ya kama haƙori. Kaka ba ta yarda a watsar da ruwa a banza. Na wanke-wanke gindin zogale za a kai shi, na alwala kuma gindin dogonyaro. Leda ma sai ta wanke ta shanya a kan danga. Mu jikoki mukan yi mata dariya mu ce rowa ce. Sai ta ce, "Ku yi ta yi. Zogalen da kunka lashe jiya ai ruwan kwanukanku ne."

Da aka kawo ni Kalgo, cikin kayan aurena har da gwangwanin madara da ɗan tsiron dogonyaro a ciki. 'Yan kai amarya suka yi ta tsiya a mota, wai ga amarya da icce. Gidan haya muka shiga, na bulo da kwano, babu silin, an shafe tsakar gida da siminti sai wani ɗan fili a ƙofar ɗakina ta yamma, inda rana ke dukan bango daga azahar. Nan na dasa shi. Na kife masa tsohon kwando saboda awaki, na riƙa ba shi ruwa yadda na ga Kaka na yi, ban da mai omo. Haihuwa ba ta zo mini da wuri ba, shekaru suka ɗan ja, ina ta saƙe-saƙe a zuci. Kafin Allah ya kawo cikin, iccen ya wuce kwanon ɗaki, wani babban reshe ya kwanta ta saman taga.

Ni mutum ce mai fargaba, tun ina ƙarama haka nake. Karatuna bai wuce firamare ba, amma abin da idona ya gani ba ya fita raina. Na ga yadda jaririyar maƙwabciyata ta yi a bazarar da ta wuce. Ɗakinsu babu inuwa ko kaɗan, ƙurajen zafi suka feso mata har cikin kai, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe, sai da aka kwantar da ita asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Tun daga nan na kama wata ɗabi'a. Kullum da la'asar sai na ɗora tafin hannuna a bangon ɗakina, sannan in je in taɓa nata. Nata kamar tanda, nawa kuwa da ɗumi amma hannu na iya zama. Kuma a lissafin asibiti, tsakiyar bazara zan haihu. Zafin yanzu ba irin wanda muka sani a Gwandu muna yara ba ne, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Duk dogarona, bayan Allah, a kan inuwar nan yake.

Da al'ada aka bi, gida zan koma in haihu. Amma ƙafafuna na kumbura, malamar asibiti ta ce kada in yi nisa da inda ake duba ni. Sai Kaka ta ce ita za ta zo ta yi mini wankan jego, wato ruwan zafi safe da yamma har a yi arba'in, ana tsoma damin ganye ana fyaɗa wa mai jego a jiki. Wankan nan yana cin icce, kuma miji ke saye. Maigidana kabu-kabu yake yi da babur, yawanci ɗaliban jami'a yake ɗauka, na kuma lura duk lokacin da muka wuce masu sayar da icce a bakin hanya sai fuskarsa ta canza.

Ashe Kaka ta ari wayar wani ta kira shi ban sani ba. Daga baya ya maimaita mini abin da ta ce: "Ango, ka fara shiri tun yanzu. Ga ma iccen ƙofar ɗakinku nan, shi kaɗai ya ishe ta jego, ba sai an wahala zuwa daji ba."

Wata rana na dawo daga awo, tun daga bakin lungu na ji sara. Na ce a raina wani ke gyaran rumfa. Ina shiga gida na ga haske inda ban saba ganinsa ba. Babban reshen nan na saman taga yana ƙasa, ganye ya cika tsakar gida, rana ta kwanta a bangon ɗakina tun daga sama har ƙasa. Wani dattijo mai faskare yana bisa, ya ɗaga gatari zai kama na biyu.

Ban san sa'ad da na je gindin iccen na zauna ba, da katin asibiti a hannuna.

"Baba, sannu da aiki. Wa ya ce a sare?"

"Maigidanki. Ɗiyata, kauce kada reshe shi faɗo miki."

"Ba ni kaucewa, Baba."

Ya leƙo ni ta cikin ganye, ya dubi cikina, ya rataye gatarin a kafaɗa. "To ni dai ba ni sara bisa mai ciki. In na haɗa da ke, wa za a yi ma jegon?"

Maƙwabciyata ce ta kira maigidan. Ya shigo da babur yana zufa, ya tarar da ni ina kuka ba sauti.

"Ke, lafiya? Ai kakarki ce ta ce a sare. So nike shi bushe kafin ki sauka."

"Kaka ba ta cewa haka."

"Da kunnena na ji."

Ya ciro waya ya kira, aka kai mata, ya buɗe murya kowa na ji. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan kamar mai kai ƙara. Da ya gama, sai ta ce:

"Ango, ganye nike nufi. Ganyen wanka."

"Icce kika ce, Kaka."

"To da mi zan ce? Jaki? In ka ƙone iccen, da ganyen mi za a yi mata wankan, da hularka? Ashe babur ɗin nan ya kaɗa maka kai fiye da yadda nike zato."

Baba mai faskare ya yi ta dariya a sama har reshe na rawa. Maigidana bai yi dariya ba. Ya rage murya ya ce, "To Kaka, na wutar fa? Kin san yadda icce ya koma yanzu. Daji ya yi nisa, mota ke kawo shi."

"Wanda kas sare ka sare, a faskara shi a shanya. Sauran ka bar mini in zo."

Ta zo da ƙullin kayanta tun kafin in haihu. Abin da ta fara yi, ta sa aka ɗebo mata laka, ta kwaɓa da ƙaiƙayi, ta kewaye duwatsun murhu ta bar ƙofa ɗaya, don kada iska ta riƙa kwashe wutar. Ta aika Wurogauri wurin dangin maigidan aka kawo karan dawa a amalanke. Da na sauka, namiji, sai na ga sauran dabarar. Tun da hantsi takan cika baƙaƙen robobi da ruwa ta jera a kan simintin nan da nake ƙi, kafin la'asar sun yi zafin da hannu ba ya jimawa ciki. "Ranar da kike tsoro," in ji ta, "bari ta yi muna rabin aiki." Kara kaɗan da faskare biyu sai tukunya ta ɗauka. Malamar asibiti ma ta riga ta ce kada ruwan ya kai na ƙuna. Kaka ta yi tsaki da ta ji, amma na lura tana sirkawa.

Ganyen kuwa da kanta take tsinka, yau nan gobe can, ba ta maimaita wuri. Cikin babban baho nake wankan, in an gama ta bar ruwan ya huce sarai, sannan ta juye shi a gindin iccen.

Ba zan ce ba mu ji rashin reshen nan ba. Gefen taga ya riƙa ɗaukar zafi, na daina kwantar da yaron a gado da rana. Ƙuraje sun fito masa a wuya, na kwana biyu ba na cin abinci sosai, ina ta duba su kamar duban zai rage su. Kaka ta jiƙa buhu ta rataya a tagar, mu kuma muka koma gindin iccen da tabarma, inda sauran rassan ke rufewa. Nan yake barci a cinyarta tana yi masa fifita da faifai, tana ba ni labarin mutanen Gwandu da suka rasu tun ban san kaina ba. Ƙurajen suka bushe, ba mu je asibiti ba. Kafin mu yi arba'in, wasu jajayen tofo sun fito kewaye da wurin saran. Ita ta fara ganinsu, ta kira maigidan ta nuna masa da sanda. "Ango, ga abokinka ya yafe maka."

Kaka ta rasu yaron yana koyon tafiya. Na je Gwandu bara, na tarar an raba gidan, an yi shaguna ta gaba. Dogonyaron yana nan, amma babu randa a gindinsa, babu kowa zaune. Ban daɗe ba na fito.

A rediyo ina jin suna maganar sauyin yanayi, suna cewa a dasa itatuwa a rage sara. Ba duka nake ganewa ba. Na dai san rassa uku ne yanzu a inda aka sare ɗaya, sun sake rufe tagar, maƙwabciyata ma ta fasa simintin ƙofarta ta dasa tsiron da na ba ta. Ina da wani cikin, kuma wannan karon ma bazara zai faɗa. Shekaranjiya na ce wa maigidan ya kamata a fara maganar icce. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Na tsaye ko na kwance?"

Na ce na kwance, kuma kaɗan, in dai zai samo mini laka in gyara murhun Kaka, don ya tsage ta gefe. Ya ce gobe. Da la'asar na fita na ɗora hannu a bango, na bar shi nan ya jima.